Babura Goma Sha Bakwai a Ƙofar Inna

Ku matso kusa, yau babu doguwar gaisuwa don bakina cike yake. Masu damuna da saƙo kuna tambayar ko an sa rana, ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe. Na ce har ƙarshe. Kada wadda ta tsallake min layi, don tsallake-tsallaken nan ne ya kai ni inda nake yau.

Ga waɗanda suka shigo yanzu: sunana Ummusalma, shekarata ashirin da huɗu, ina koyarwa a wata firamare mai zaman kanta a nan Ƙaura Namoda. Daga safe zuwa azahar aikina buga tebur ina cewa, "Ku yi shiru ku saurara!" Ku riƙe wannan, anjima za ku yi min dariya da shi.

Wanda ke nemana kuwa Murtala ne, mutumin Shinkafi, wanda ya raɗa wa kansa suna MC Ba-Gajiya. Duk bikin da aka yi daga Shinkafi zuwa Gusau, in kin ji wani yana rantsuwa cewa amaryar yau ta fi duk amaren da ya taɓa gani, shi ne, kuma makon jiya ma haka ya faɗa. A bikin ƙawata Zubaida ya hango ni, ya kira ni ta lasifika, "mai koren mayafin can da ke ɓoye fuska." Mutum ɗari uku suka juyo suna kallona. Na so ƙasa ta tsage in shige, amma ba zan yi muku ƙarya ba, abin ya yi min daɗi.

Murtala yana da kyau, yana da tsafta, hularsa kullum a karye take daidai, ga turare da ke riga shi shiga gida. Kuma ba shi da rowa. Matsalarsa ɗaya ce: Allah ya ba shi kunnuwa biyu, shi kuma ya mayar da su wurin rataya gilashi. In ya zo zance, ni ce 'yan biki. Zai fara daga yadda ya tashi da safe, ya bi ta kan wanda ya yi masa hassada a Gusau, ya sauka a kan gidan da zai gina mana mai tayil har banɗaki. In na buɗe baki, kafin in kai rabin magana ya ce, "Na gane, na gane, gimbiya," yana shafa waya. Wallahi akwai ranar da na gwada shi, na ce, "Jiya akuyar maƙwabta ta ci satifiket ɗina." Ya ce, "Ma sha Allah, haka ake so."

A gida kuwa ba a ganin laifinsa, musamman Gwaggo Kubura, yayar babana, wadda ta zo daga Zurmi za ta kwana biyu, yau wata takwas ke nan. Ita da Murtala in suka haɗu, kowa nasa yake yi, muryoyi biyu a lokaci ɗaya, ba mai jiran wani. In ya tafi sai ta ce, "Wanga yaro akwai hankali, shina jin magana."

"Gwaggo, wace maganar ya ji?"

"Ke rufa mani baki! Mi kike jira? Sa'o'inki duk sun yi ɗiya bibbiyu, ke kina nan kina ta alli da allo. Ko sai kin tsuhwa mu kai ki gidan wa?"

Inna, mahaifiyata, ba ta cewa komai. Iyatu sunanta, kuma da can ba haka take ba. Shekara huɗu da suka wuce 'yan bindiga suka shiga ƙauyenmu da ke bayan Kurya Madaro, suka kashe mutum tara, har da babana Malam Armiya'u. Ni ina makaranta a nan Ƙaura lokacin, a waya aka faɗa min. Na kama mana ɗaki biyu, na ɗauko Inna. Tun daga ranar maganarta ta koma ta awo. Tana suyar ƙuli-ƙuli, tana sallarta, tana kallon bango. Wani lokaci takan ce, "Ummu, ranar nan hwa..." ni kuma, ido a kan waya, sai in ce, "Inna ki bar tunawa, Allah ya jiƙan Baba." Sai ta ce amin, ta yi shiru. A raina tausayinta nake ji.

Yanzu ga abin da ya kamata ku sani game da layinmu. Rabin mutanen da ke ciki gudu ne ya kawo su, wasu daga wajen Gurbin Bore, wasu daga ƙauyukanmu. Su 'yan bindigar a kan babura suke zuwa, da yawa, a jere. Saboda haka muna da doka wadda ba a rubuta a ko'ina ba: ɗan kabu-kabu in ya zo bakin kwalbati sai ya kashe inji ya turo da ƙafa. Babur ɗaya ma ke nan. Ko baƙo ne, Malam Ado mai shagon bakin layi zai ɗaga masa hannu ya faɗa masa. Murtala bai taɓa cin karo da dokar ba, don kullum a motar abokinsa yake zuwa.

Da aka tsayar da Asabar a matsayin ranar da zai zo gaisuwar surukai, na zaunar da shi a zaure.

"Murtala, don Allah ka ji wannan. Ranar Asabar ku zo mutum biyu ko uku, a mota ko a ƙafa. Ban da babur. Inna ba ta..."

"Na gane, na gane. Ke dai ki sha kwalliya. Kin san shaddar da zan sa? Fara ce tas, an yi mata aiki ruwan toka tun daga wuya har..."

Na san bai ji ba. Don haka ranar Laraba, da na dawo daga makaranta, na tura masa saƙon murya a WhatsApp. Sakan hamsin da biyu. Na yi bayanin layinmu, na yi bayanin Inna, na ce ban da babura har sau biyu. Kun san ɗan hoton makirfon ɗin nan da ke komawa shuɗi in an saurari saƙo? Nawa bai koma ba. Ya dai ga saƙo ya shigo, sai ya danna nasa ya turo min amsa: minti goma sha ɗaya da sakan arba'in.

Minti goma sha ɗaya, jama'a! Ko huɗubar Juma'a wani limamin bai kai haka.

Lalle nake sawa a lokacin, ƙafa ɗaya a leda. Na danna saƙon da gwiwar yatsa, na sa shi a gudu biyu, muryarsa ta koma irin ta ɗan tsako. Ya yi min kirari na minti biyu. Ya shiga labarin wani biki a Talata Mafara inda wai ya sa uwar amarya kuka. Wajen minti na huɗu na ce a raina, wannan na san ƙarshensa, na kashe. Na rubuta masa, "To, Allah ya kai mu," har da hoton zuciya ja. Na ci gaba da lallena ina yi masa dariya, wai mutum bai iya sauraro ba.

Asabar ta zo. Tun safe muka share tsakar gida, muka aro kujerun roba shida a gidan Kyauta maƙwabciyarmu, aka shimfiɗa sabuwar tabarma a inuwar darbejiya. Na dama fura da nono mai kyau na sa a kwanon sha mai murfi, na haɗa zoɓo da abarba, ga cincin a faranti. Gwaggo ta ɗaure ɗankwali ya yi sama kamar za ta karɓi baƙi daga Abuja, ta zauna tana ba da umarni, don ita gwiwa ta hana ta aiki, shekara biyu ke nan a zaune take sallah. Ni kuma na sa atamfata ruwan goro mai zanen ganye, ɗinkin riga da siket, mayafi ruwan madara, lalle ya kama ja har ya yi duhu. Na kalli madubi na ce, Ummu, ko ke ce kika ga kanki sai kin kira ki ta lasifika.

Inna ta ce baƙi ba za su tafi da fura kaɗai ba, sai sun ci tuwo. Bayan la'asar ta ɗora tukunya a murhu, ta yi talge, ta ɗauki muciya.

A lokacin ne muka ji shi.

Da farko daga nesa, wani gurnani ƙasa-ƙasa. Sai ya ƙaru. Ba babur ɗaya ba, ba biyar ba. Suna murza totur tare, suna ƙara matsowa, kuma ba su tsaya a kwalbati ba.

Abin da ya biyo baya bai fi minti biyu ba, amma layinmu ba zai manta da shi ba. Na ji ƙarar ƙofar shagon Malam Ado, garam! Wata mata ta ƙwalla, "Sun shigo! Sun shigo!" Kyauta, kamar yadda aka ba ni labari daga baya, ta suri ɗan maƙwabta ta bar nata a kan tabarma, sai da ta kai masallaci ta duba fuskarsa. Mai gyaran takalmi ya shige cikin kwata da shi da akwatinsa. Gwaggo Kubura kuwa, mai gwiwar nan, mai sallah a zaune, da idona na ga ta taka turmi, ta kama katanga, ta dira gidan Kyauta. Ɗankwalin kawai ta bar mana a wannan ɓangaren.

Kuna dariya ko? Ni ma da zan yi, in da ban juya na ga Inna ba.

Inna ba ta gudu ba. Tana tsaye a gaban murhu, idonta a buɗe amma ba ni take gani ba. Ta yi wurgi da muciyar, tukunya ta karkace, talge mai tafasa ya zubo mata a ƙafar dama, ko motsi ba ta yi ba. Sai ta fara ihu da wata murya da ban taɓa jin ta da ita ba.

"Malam, na aje! Ga ta nan na aje! Mu tahi! Malam, na aje!"

Na rungume ta. Ina cewa, "Inna ni ce, Ummu ce," ita kuma tana ta faɗin ta aje, ta aje. Ban san me ta ajiye ba, ban san wane Malam take kira a tsakar gidan haya a Ƙaura ba. Na ja ta zuwa bakin randa ina kwara mata ruwa a ƙafa, ina kuka, ina jiran a banko ƙofa.

Sai na ji lasifika.

"Assalamu alaikum jama'ar wannan layi mai albarka! Ku fito ku ga angon gobe! MC Ba-Gajiya ne da tawagarsa, mun zo gaida surukai!"

Ban san lokacin da na isa ƙofar gida ba, ba mayafi, ba takalmi. Ga su nan: babura goma sha bakwai, na ƙirga su daga baya a bidiyon da suka ɗauka, kowanne da balan-balan a madubi. Ga Murtala a tsaye a bayan na gaba, farar shadda, aiki ruwan toka, makirfon a hannu, yana murmushi yana waige-waige yana neman 'yan kallo. Layi wayam. Takalma warwatse a ƙasa, tiren mai awara a kife, wata akuya na cin awarar.

"Gimbiya! Ya kika ga shigowar? Ina mutane?"

Kafin in sami bakin magana Malam Ado ya fito daga bayan shago da taɓarya a hannu.

"Kai wane irin mahaukaci na? Ka san inda kaz zo? An riga an buga ma 'yan sintiri waya! Da sun riga ni hitowa, da yanzu gawarku muka jerawa nan bakin kwalbati, da ku da balan-balan ɗinku!"

Nan fa murmushin ya fara zamewa. Abokan nasa suka shiga kashe injuna ɗaya bayan ɗaya. Malam Ado ya koma gefe yana waya yana rantsuwa cewa ba su ba ne, wani ango ne marar kai.

Na ce, "Murtala, ban faɗa maka ba? Ban ce maka ban da babur ba?"

"Yaushe?"

"A zauren nan! Da bakina! Na kuma tura maka saƙo ranar Laraba!" Na buɗe waya na kai masa har hanci. "Duba. Sakan hamsin da biyu. Ko buɗewa ba ka yi ba. Uwata na ciki ƙafarta ta ƙone saboda ba ka da sakan hamsin da biyu!"

Ya kalli wayar, ya kalle ni. Karo na farko tun da na san shi, ya yi shiru na kusan numfashi uku. Sannan ya ce, a hankali, ba da muryar biki ba:

"Amma ai ni ma na faɗa miki. A saƙon da na turo. Na ce zan zo da yarana a babura, na ce in da matsala ki gaya min. Kika ce Allah ya kai mu."

"Ƙarya kake yi!"

"Ki saurara. Wajen minti na tara."

Na juya na shige gida na rufe ƙofa. Muka kai Inna kyamis a keken Malam Ado, aka wanke ƙafar aka naɗe. Gwaggo ta dawo ta ƙofa, tana ɗingishi na gaske wannan karon, tana cewa ita dama can ba ta yarda da yaron ba, idonsa a tsaye yake. Kafin magariba na shiga ɗaki, na zauna a bakin katifa, na buɗe saƙon nan. Ban sa shi a gudu biyu ba. Na saurari kirarin, na saurari uwar amaryar Talata Mafara, na saurari farashin shadda a Kano. Minti tara da sakan goma sha biyu, ga muryarsa, fes:

"Af, gimbiya, na manta. Ranar Asabar zan shigo da yarana, babura kamar goma sha bakwai, mu ɗan girgiza unguwa a san kin yi miji. In akwai matsala ki faɗa min yanzu in soke."

A ƙasa kuma ga amsata. To, Allah ya kai mu. Da zuciya ja.

'Yan uwa, na so in ce laifinsa ne shi kaɗai. Na juya abin ta kowace fuska ina neman inda zan tsaya in yi ta zaginsa da hujja. Wa ya ce ya binne magana mai muhimmanci a ƙarƙashin minti tara na surutu? Gaskiya ne. Amma malama mai buga tebur, wadda ta yi wata shida tana ba ƙawayenta labarin saurayin da ba ya ji, kalma ɗaya ce ta rage mata ta rubuta, "soke," da ƙafar Inna lafiya lau take. Kunya ta kama ni har na kasa haɗa ido da madubin da na gama yaba kaina a cikinsa.

Ranar Lahadi da hantsi aka yi sallama a zaure. Shi ne. A ƙafa ya zo, shi kaɗai, da wani yadi ruwan ƙasa marar aiki, ba gilashi, ba turare. Ledar lemo da ayaba a hannu. Ya ce ya saurari saƙona, sau uku. Na duba waya, makirfon ya koma shuɗi, bayan kwana huɗu da ƙafa ɗaya.

Na ce Inna ba za ta ga kowa ba. Sai muryarta ta fito daga ɗaki.

"Ummu, ce mai shi shigo. Ni ka son magana da shi."

Na yi mamaki, don rabon da Inna ta nemi yin magana da wani na manta. Ya shigo ya durƙusa a bakin ƙofa, kai a ƙasa. Tana zaune a kan darduma, ƙafar a miƙe cikin bandeji, hijabi har ƙasa. Gwaggo ta jawo kujera ta zauna a inda za ta ji komai. Ya fara jero ban-haƙuri, Inna ta ɗaga hannu.

"Ɗana, ban kira ka don ka ba ni haƙuri ba. So nike ka san abin da kat taɓa, tunda kana son shiga gidanga. Ko ita Ummu ban taɓa hwaɗa mata ba."

Na jingina da bango.

"Ranar Talata ta. Damana ta yi kyau, dawa ta hi mutum tsawo. Bayan la'asar ina tsakar gida na ɗora tuwo. Sai ga Malam ya shigo daga gona, ko kwandon bai aje ba, yac ce mani..."

"Allahu akbar. Wallahi Mama na gane," in ji Murtala. "Na gane sarai. Ai mu ma a Shinkafi mun ga irin wannan. Akwai wani abokina Hafiz, shi ma ranar Talata ce, ko Laraba, yana dawowa daga Jangeru..."

Akwai agogon bango a ɗakin Inna, na duba shi. Bai cika minti biyu yana saurare ba. Labarin Hafiz kuwa ya ci kwata ɗin awa, ya haifi labarin ƙanen Hafiz, ya zarce zuwa wani taron zaman lafiya da aka gayyace shi ya yi jawabi har wani babban mutum ya riƙe hannunsa. Kuma wallahi da zuciya ɗaya yake yi. Har ƙwalla ya share. A ganinsa jaje yake yi mata.

Ina kallon Inna. Bakinta da ya buɗe bayan shekara huɗu ya koma ya rufe a hankali. Ta gyara hijabi, ta mayar da ido kan bango. Da ya kai aya ta ce, "Allah shi yi albarka. Ummu, raka baƙo."

A zaure ya sauke ajiyar zuciya. "Alhamdu lillahi. Kin ga Mama ta huce. Ai magana ita ce maganin komai, in aka zauna aka fahimci juna..."

"Murtala."

"Na'am, gimbiya."

"Inna na cikin magana ka karɓe. A ina ta tsaya?"

Ya sosa ƙeya. "Ai... maganar harin ce. Da suka shigo."

"Ba ta kai nan ba. A ina ta tsaya?"

"Ta ce damina ta yi kyau."

"Sai kuma me?"

Ya duba sama, ya duba takalminsa, har ya laluba aljihu kamar amsar na cikin waya.

Na ce, "Ni ma ba na fi ka ba ne, jiya na gane haka. Amma ka je. Kada ka sake turo min saƙon murya, ko na sakan biyar ne. Ranar da ka tuna inda Inna ta tsaya, ka zo ka faɗa min, sai mu san ko akwai maganar aure."

"Haba gimbiya, ai na ga..."

"Kada ka ce ka gane."

Na bar shi a tsaye. A tsakar gida Gwaggo ta tare ni, ta manta jiya ta ce idonsa a tsaye yake. "Kin kore shi? Miji kamar wanga? A kan magana? Magana mi ta, ba kullum a ka yin ta ba?" Na wuce ta. Ta ci gaba da yi wa darbejiya bayani.

Na shiga ɗakin Inna na sako labule. Na kashe wayata gaba ɗaya, na tura ta ƙarƙashin katifa. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafar mai bandeji. Ban san yadda ake fara irin wannan ba, ni da nake koya wa yara.

"Inna, kin tsaya a inda Baba ya shigo daga gona, ko kwandon bai ajiye ba."

Ta juyo ta dube ni, ta daɗe tana dubana.

"Ashe kina ji."

"Yau dai ina ji."

Ta yi shiru har na zaci ta fasa. Da can a irin wannan shirun nake cewa Allah ya jiƙan Baba in tashi. Na danne harshena na zauna.

"Shi yaf fara jin su," in ji ta. "Tun suna bayan tudu, kowa bai ji ba. Kin san kunnen babanki. Yac ce, Iyatu, aje muciyar ga mu shiga dawa, akwai babura. Nic ce mai, Malam, na ji, bari in ƙare tuƙi kar shi yi gudaji. Yas sake hwaɗi. Nic ce 'yan kasuwa na, kullum sai sun wuce. Waɗanda sunka ruga sa'adda yay yi maganar hwarko, duk suna nan da ransu, har Kyauta. Shi kau yaƙ ƙi tahiya shi bar ni. Yat tsaya bakin ƙohwa shina jirana."

Ta shafa bandejin da tafin hannu.

"Sau ukku, Ummu. Sau ukku yac ce in aje. Ni kau ina ta ce mai na ji."

Hawaye suka cika min ido. Bakina ya buɗe da kansa, kalmomin har sun hau harshe: Inna na gane, Inna ki bar tunawa, ba laifinki ba ne.

Na rufe shi. Na matsa na riƙe hannunta.

Ta ci gaba.